Kalmar dariya a cikin baka biyu: yadda tsofaffin jaridu suka yi aiki da ita

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce mai nazarin aikin jarida. Ina duba tsofaffin jaridu da mujallu, na Hausa da na Turanci, sai nake ta cin karo da kalmar dariya a cikin baka biyu, kamar haka: (dariya), a tsakiyar jawabi ko hira. Daga ina wannan al'ada ta samo asali, kuma me 'yan jaridar da suke nufi da ita? Ni na ɗauka daidai take da "hhh" ɗin da muke rubutawa a waya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Kin kusa kama hanya, amma akwai bambanci guda mai girma. Wanda ya rubuta miki "hhh" a waya, kansa yake ba ki labari, yana cewa shi ne yake dariya. Ita kuwa (dariya) ta tsohuwar jarida, ba mai magana ne ya rubuta ta ba, kuma sau da yawa ba ma shi ne ya yi dariyar ba. Wani na uku ne, ɗan jarida da ke zaune a gefe da alƙalaminsa, yake shaida miki cewa a daidai wannan gaɓa mutanen da ke wurin sun dara. Shaida ce ke nan, kuma kin san ba a karɓar shaida sai an san wanda ya ba da ita. Na yi shekaru ina sauke hirarraki daga kaset zuwa takarda, na rubuta wannan kalma sau ba adadi, saboda haka tambayarki ta taɓa wurin da ke yi mini ƙaiƙayi.

Al'adar ba a ƙasar Hausa aka haife ta ba. Rubutunmu na ajami bai san baka biyu ba, boko ne ya zo mana da ita tare da waƙafi da alamar tambaya da sauran 'yan'uwansu. Mahaifarta majalisun dokoki ne na Turai da kotunansu, inda 'yan jarida suka fara ƙoƙarin kama magana daga bakin mai ita su kai wa wanda bai halarta ba.

A Ingila, da can laifi ne a buga abin da aka faɗa a zauren majalisa. A 1738 majalisar wakilai ta sake jaddada hanin, sai wata mujalla mai suna Gentleman's Magazine ta ɓullo da dabara: ta riƙa buga muhawarar kamar ta majalisar wata ƙasa ce ta almara, ta jirkita sunayen 'yan majalisar yadda mai hankali zai gane ko su wane ne. Marubucin nan Samuel Johnson ya yi 'yan shekaru daga 1741 yana tsara waɗannan jawabai daga ɗan abin da aka tsinto masa, ba tare da yana zaune a zauren ba. Sai a 1771 igiyar ta tsinke, bayan wata rigima da aka yi kan kama masu buga jaridu, har aka tsare magajin garin Landan, Brass Crosby, saboda ya tsaya musu. Daga nan majalisa ta kau da kai. Duk da haka ba a yarda ɗan jarida ya fito da takarda da alƙalami a barandar 'yan kallo ba sai wajen 1783. Kafin lokacin, akwai wani William Woodfall da yake zama ya saurari muhawara tun daga farko har ƙarshe, ya koma ofis ya zuba ta a takarda da ka, har mutane suka yi masa laƙabi da kaifin hadda.

Abin da ya sauya komai shi ne rubutun gaggawa, wato 'yan alamomin da ke ba hannu damar bin harshe ƙafa da ƙafa. Jaridu suka riƙa tura wakilai suna karɓeɓeniya, wannan ya ɗauki rabin sa'a ya fita da gudu ya je ya kwafe, wancan ya gaje shi a kujera. Marubucin labarai Charles Dickens ma da wannan aiki ya ci abinci a farkon shekarun 1830, kafin sunansa ya fito. A 1837 Isaac Pitman ya fito da tsarinsa na rubutun gaggawa wanda ya bazu har zuwa makarantun akawu na ƙasarmu. To da hannu ya iya kama kowace kalma, sai wata matsala ta bayyana. Za a buga jawabi mai cin shafi guda da ƙananan baƙaƙe, kalmomi sun cika cif, amma zauren bai biyo su ba. Mai karatu bai san ko an yi tsit ana sauraro ba, ko ana ta ihu, ko maganar da ya gani wasa ce ko da gaske ce. Baka biyu ita ce tagar da ɗan jarida ya huda a jikin jawabin don mai karatu ya leƙa ya ga fuskokin jama'a.

Kuma ba su bar ta kalma ɗaya tilo ba, sun yi mata matakai kamar tsani. In na mayar miki da su Hausa za ki ga (wani ya dara), da (dariya), da (dariya sosai), da (an fashe da dariya), da (an sake fashewa da dariya), da (dariya da tafi). A gefensu akwai alamomin yarda, da na sowa, da na gunaguni. Wanda ya saba karanta jarida a wancan zamani, ido kawai zai zura a shafi ya ƙirga bakunan, ya san wanda ya yi rinjaye a daren jiya tun kafin ya karanta hujjar kowa.

Ga misali guda da ke nuna cewa dariyar jarida ba kullum ta daɗi ba ce. A ranar 7 ga Disamba 1837 wani matashin ɗan majalisa, Benjamin Disraeli, ya miƙe don yin jawabinsa na farko. Al'adar majalisar ita ce a yi wa sabon shiga kara a saurare shi, amma shi yana da tsohuwar gaba da Daniel O'Connell, jagoran 'yan majalisar Ayalan, sai magoya bayan O'Connell suka yi masa ca da ihu da dariya. Rahotannin washegari cike suke da dariya a cikin baka, jimla bayan jimla, har inda ya haƙura ya ce zai zauna yanzu, amma lokaci na zuwa da za su saurare shi. Ya zama firaminista a 1868, ya sake zama a 1874. Wanda ya karanta rahoton nan bai san labarin ba zai iya ɗauka mutumin gwanin barkwanci ne yana ba majalisa nishaɗi, alhali kuwa tozarta shi ake yi. Kalma ɗaya ce aka rubuta wa wanda ya ba da dariya da wanda aka yi wa dariya. Wannan shi ne babban rauninta tun ranar farko.

A kotunan 'yan sanda na Landan ma haka. Jaridu sun mayar da ƙananan shari'u wurin shaƙatawar masu karatu. Talaka ya tsaya gaban alƙali yana kame-kame da karyayyen Turancinsa, ko mace tana ƙarar mijin da ya doke ta, sai ki ga (dariya) a bayan maganarta. Ɗan jaridar bai yi ƙarya ba, an yi dariyar. Amma da ya zaɓi ya rubuta ta, ya gayyaci dubban masu karatu su taya 'yan kallo. Ni a ganina wannan yana cikin mafi munin amfanin da aka yi da kalmar, domin wanda ake yi wa ba shi da jaridar da zai rama.

Da siyasa ta gane ƙarfin abin, sai ya zama makami. A 1858 Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, da Stephen Douglas suka yi muhawara sau bakwai a garuruwan jihar Ilinoi ta Amurka, suna takarar kujerar majalisar dattawa, kowace muhawara sa'a uku, batun bauta ne kan gaba. Jaridu biyu na Chicago suka tura masu rubutun gaggawa: Press and Tribune mai goyon bayan Lincoln, da Times mai goyon bayan Douglas. Kowace ta share wa ɗan takararta magana ta fito sumul, ta bar ta abokin hamayya da tuntuɓenta, kuma kowane ɓangare ya zargi ɗayan da murɗe rahoto. Tafi da sowa da dariyar da ke cikin baka ma ba su zo daidai a jaridun biyu ba, ga shi fili ɗaya aka tsaya, jama'a ɗaya, rana ɗaya. Lincoln ya yanko rahotannin ya manna a littafi, ya ɗauki nasa jawaban daga jaridar da ke sonsa, na Douglas daga jaridar da ke son Douglas, don kada a ce ya yi zalunci. Da za a buga su a 1860, sai ya soke alamomin sowa da dariya, ya bar hujja tsirara. Mutumin da ya fi kowa iya ba taro dariya a zamaninsa, shi ne ya ga cewa a takarda dariyar tana shiga tsakanin mai karatu da hujja.

Jamusawa ne suka yi wa matsalar magani mafi kyau da na sani. Masu rubuta zaman majalisarsu suna da kalmomi biyu da ba sa haɗa su. Heiterkeit ita ce dariyar raha, wadda aka yi tare da mai magana don ya faɗi abu mai daɗi. Lachen ita ce dariyar da aka yi masa, ta raini ko ta ƙin yarda. Sannan sukan ƙara da faɗin ɓangaren da dariyar ta fito, dama ko hagu, ko jam'iyya kaza. Har yau majalisar Jamus tana bin wannan tsari.

Saboda wannan tsarin ne muke da shaidar da ba na iya karantawa ba tare da jikina ya yi sanyi ba. Ranar 23 ga Maris 1933 majalisar Jamus ta zauna a wani gidan wasa na Berlin, domin an ƙona ginin majalisar wata guda kafin nan. Dokar da za ta miƙa wa Hitila ikon yin doka ba tare da majalisa ba ita ce a gabansu. 'Yan kwaminis ba sa nan, an kama wasu, wasu sun ɓuya. Dakarun Nazi sun yi layi a cikin zauren da wajensa. Otto Wels, shugaban jam'iyyar SPD mai adawa da 'yan Nazi, shi ne ya miƙe ya yi magana a kan ƙin dokar. Ya ce ana iya ƙwace musu 'yanci da rai, amma ba a iya ƙwace musu mutunci. A ƙarshen jawabin ya miƙa gaisuwa ga waɗanda ake tsanantawa da waɗanda ake zalunta, kuma a daidai nan mai rubutu ya buɗe baka ya rubuta cewa 'yan Nazi sun yi dariya. Kalmar raini ya yi amfani da ita, kuma ya faɗi ko su wane ne. Aka kaɗa ƙuri'a, 444 suka amince, 94 suka ƙi, dukkansu 'yan SPD. Dubi abin da 'yan kalmomin nan suka adana mana. Da mai rubutun ya bar su, da mun san abin da Wels ya faɗa, amma da ba mu san irin zauren da ya faɗe shi a ciki ba, da ba mu san nauyin abin da ya ɗauka ba. Wannan shi ne aikin baka biyu in ta faɗa hannun mai amana.

A Tarayyar Sobiyet kuwa ta faɗa hannun hukuma. Jaridar Pravda takan buga jawabin shugaba da tafi mai matakai, daga tafi, zuwa dogon tafi, zuwa tafi mai ƙarfi har kowa ya miƙe tsaye, dariya kuma takan biyo bayan duk wata baƙar magana da ya yaɓa wa abokan gaba. A nan alamar ta tashi daga shaidar abin da ya faru, ta koma umarni ga mai karatu: ga inda ake dariya, ga wanda ake yi wa.

Hasashenki na "hhh" kuwa a Japan ya yi daidai. Sun samu rubutun gaggawa na harshensu a 1882, majalisarsu ta buɗe a 1890 ana rubuta zamanta kalma da kalma, da alamar dariya da ta tafi. Mujallu suka ɗauka a hirarrakin da ake tara masana a tebur guda, alamar ta tsuke ta zama harafi ɗaya a cikin baka. Da intanet ta zo matasa suka mayar da ita "w", harafin farko na warai, kalmarsu ta dariya. A can jika ne da kaka kai tsaye.

Mu dawo gida, inda na fi sani kuma na fi damuwa.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta, tare da Rupert East, Baturen da ke kula da buga littattafan Hausa. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, aka samu jaridun larduna irin su Sodangi a Kano, Himma a Katsina da Zaruma a Sakkwato. Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne, waɗannan jaridu da kunne aka fi karanta su. Kofi ɗaya yakan shiga gari, malamin makaranta ko akawun hakimi ya zauna a dakali ko gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, mutum goma ko ashirin suna saurare. Ki gwada karanta jawabi da ƙarfi ki iso kan (dariya), za ki ji harshenki ya yi tuntuɓe, ba ki san ko ki faɗe ta ko ki tsallake ba. Amma in aka rubuta "da ya faɗi haka sai aka fashe da dariya", magana ta bi ruwanta, masu sauraro ma su dara. Shi ya sa Hausar jarida ta farko ta fi karkata ga salon ba da labari, salon "sai", irin wanda mutane suka saba da shi a hira da tatsuniya. Dariya tana shiga cikin jimla ne da mai yinta da dalilinta, ba a rataye ta a gefe ba.

Kuma marubutan nan ba su zo hannu rabbana ba. Yawancinsu 'ya'yan malamai ne, shi kansa Imam ɗan gidan malanta ne daga Kagara. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta littattafan fiƙihu na farko ya san an raba murmushi da dariya da ƙyalƙyatawa, ya san dariya tana ɓata salla, murmushi kuwa ba komai a kansa. Ya ji masu ruwayar hadisi suna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi murmushi, ko ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. Wato tun kafin jarida, muna da al'adar mai ba da rahoto ya faɗi wanda ya dara da iyakar darawarsa, a matsayin wani yanki na amanar ruwaya.

Ga kuma harshen kansa. Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Muna cewa ya dara, ya yi murmushi, ya yi yaƙe, ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya gimtse dariya, ta ƙunshe dariya. Muna cewa an fashe da dariya, an bushe da dariya, an kece da dariya, an tuntsire da dariya, an kwashe da dariya, ya ƙyalƙyale, ya sheƙe, yana gaggaɓa dariya har da riƙe ciki. Kowace da nauyinta. Tuntsirewa ta mutum ce da abu ya zo masa ba shiri. Kwashewa ta taro ce, lokaci guda. Sheƙewa tana da ɗan warin rashin kunya ko mugunta. Muna da dariyar ƙeta, da dariyar mugunta, da shewa wadda ta fi dariya zafi. Abin da Jamusawa suka ware wa kalmomi biyu, mu ƙaramar "wa" ce take yi mana shi: "an yi dariya" daban, "an yi masa dariya" daban, kuma yaro ma ya san bambancin. Bahaushe ya ce haƙorin dariya shi ke cizo, ya san ba kowace dariya ce ta so ba. Duk wannan dukiya ita ce ake tattarawa a cusa cikin kalma ɗaya in aka rubuta (dariya).

Baka biyun ta shigo mana ta ƙofofi uku. Ta farko majalisa: Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa ta fara zama a Kaduna a 1947, ana magana da Turanci da Hausa, ana rubuta zaman bisa tsarin Ingila, har sunan kundin ma Hansard ake ce masa, sunan maɗabi'in da ya riƙa buga muhawarar majalisar Ingila tun farkon ƙarni na 19. 'Yan bokonmu sun saba da alamar a nan da kuma jaridun Turanci na Legas. Ta biyu wasan kwaikwayo da ake karantawa a makarantu, inda ake sa umarnin motsin ɗan wasa a cikin baka. Ta uku, wadda ta fi duka tasiri, ita ce rakoda. Da kaset ya yi arha, hira ta koma tambaya da amsa, sunan jarida a layi, sunan baƙo a layi, babu sauran mai ba da labari a tsakani da zai ce "sai ya dara". Dariya tana cikin kaset, mai saukewa ya ji ta, ba shi da jimlar da zai sa ta, sai ya buɗe baka. Mujallun shekarun 1980 da 1990, da mujallar Fim da ta fara fita a 1999, da Aminiya daga baya, a nan ne za ki fi samun ta.

Lura da sauyin da ya faru a hanya. A majalisa (dariya) ta taro ce. A hirar Hausa ta koma ta baƙon da ake hira da shi, kuma a wurinmu wannan dariya tana da ayyukan da Bature bai san su ba. Akwai ta kunya. A tambayi budurwa 'yar fim yaushe za ta yi aure, ko a tambayi mace sunan mijinta ko na ɗanta na fari, amsar gaba ɗaya (dariya) ce, kuma Bahaushe ya gane an amsa masa. Akwai ta zillewa, irin ta ɗan siyasa da aka tambaya ko zai sake tsayawa takara. Akwai ta kara, wadda babba yake yi don kada ya ce wa yaro tambayarsa ba ta dace ba. Akwai ta wasan dangi da na gari, Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, inda magana a takarda take kama da zagi, baka biyun ce kaɗai take hana ta zama faɗa. A wannan wurin na ƙarshe na ga amfaninta ƙwarai, kuma na ga ɓarnar da ake yi in wuri ya yi ƙaranci a shafi aka cire ta, wasa ya fito a matsayin cin mutunci.

Saboda haka in kina nazarinki, kada ki tsaya ga ƙirga sau nawa kalmar ta fito. Duk inda kika gan ta, nemi sanin wa ya dara, mai magana ko masu sauraro, kuma tare da shi aka yi ko shi aka yi wa. Duba layin da ya biyo baya, domin martanin mai magana yakan tona asiri: wanda ya ji daɗin dariya yakan ƙara gishiri, wanda ta yi wa ciwo yakan ce "ba wasa nake ba" ko ya sauya hanya. Duba jaridar ta wane ɓangare ce, musamman a zamanin NPC da NEPU, jam'iyyun Arewa masu hamayya da juna. In kika samu taro ɗaya da jaridu biyu masu adawa suka ba da labarinsa, ki ajiye su gefe da gefe, za ki koyi abin da lacca goma ba za ta koya miki ba. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House wurare ne da ya kamata ki fara da su. Kuma ki riƙa lura da wadda ba a rubuta ba, domin ɗan jarida ba kasafai yake rubuta tasa dariyar ba, ko da ita ce ta ja baƙon ya ci gaba da maganar da bai yi niyya ba.

Zan ba ki labarin ranar da na san nauyin abin a jikina. A farkon shekarun 1990 na yi hira da wani dattijo, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama a ƙarƙashin Turawan Ingila. Ya ba ni labarin jirgin ruwa, da daji mai ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, da kayan da suke ɗauka a ka. Na tambaye shi abokan da suka tafi tare daga garinsu. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya yi wata 'yar dariya, ya ce su shida suka tafi, shi kaɗai ya dawo. Ina zaune a gabansa, na ga idanunsa, na san irin dariyar nan ce da muke cewa ta fi kuka ciwo. Amma da dare ina sauke kaset, gajiya ta kama ni, ga shafi na jira, kunnena ya ji sauti, hannuna ya rubuta (dariya) kafin amsarsa. Haka aka buga.

Bayan kwana uku ɗansa ya zo ofishinmu da jaridar a naɗe a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an karanta wa mahaifinsa hirar a ƙofar gida gaban mutane, cikinsu har da jikokin ɗaya daga waɗanda ba su dawo ba, kuma mai karatun da ya iso wurin ya karanta kalmar kamar yadda ya gan ta. Ya ce, "Malam, Baba bai yi wa matattu dariya ba." Na ɗauko kaset ɗin muka saurara tare. Sautin yana nan, ban ƙirƙira ba, amma abin da na kai wa mutane ba shi ne abin da ya faru a zauren dattijon ba. Washegari na je har gida na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya sa aka kawo mini ruwa.

A fitowa ta gaba muka sake buga wannan yanki na hirar. Na cire baka biyun, na rubuta cewa da aka tambaye shi abokan tafiyarsa, ya daɗe bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai zuci ba, sannan ya ce su shida suka tafi, shi kaɗai ya dawo. Layi biyu ya ƙaru a shafin, sai da aka rage girman hoton kafin ya shiga.